Wace Filta Ta Dace da Ƙaramin Tankin Murjani a Inda Ake Ɗauke Wuta?

Makon jiya wani abokina ɗan sashen kimiyyar ɗakin gwaji ya tare ni a bakin kafteriya. Ya ji labarin cewa na yi shekarar IT ɗina a wani shagon kifin ado a Legas, shi kuma ya ga bidiyon wani ɗan tankin gilas mai ruwan teku, ga murjani kala-kala, ga kifin nan ruwan lemo mai zanen fari na fim ɗin Finding Nemo. Ya ce shi fa sai ya haɗa nasa, in ta yi kyau ma ya mayar da shi furojet ɗinsa na HND. Tambayarsa ɗaya ce: "Mutumina, wace filta zan saya? Faɗa min wadda ta fi ƙarfi kawai." Na ce masa nemi benci mu zauna, don wannan ba amsar tsaye ba ce. Da muka tashi sai na ga ya kamata in rubuta abin da na gaya masa, domin na san ba shi kaɗai ba ne irin bidiyon nan ya ɗauke wa hankali.

Mu a Hausa in an ce murjani, abin da ke faɗo mana a rai shi ne jan dutsen wuya na iyayenmu mata. Wancan ƙashin wata halitta ce ta tekun Bahar Rum ake sassaƙawa. Wanda ake kiwo a tanki danginsa ne, kuma da ransa ake ajiye shi. Daga jinsin dabbobi yake ko da yake ba ya tafiya, kuma a cikin naman yawancinsu akwai wasu ƙananan ƙwayoyin gansakuka da ke haɗa musu abinci daga haske. A teku, inda murjani ke yin gari, ruwan garau yake, ƙazantar da ke narke a cikinsa kaɗan ce ƙwarai. Gaɓar tekun Nijeriya ba ta da irin wannan gari na murjani, saboda laka da ruwan daɗi da Neja da sauran koguna ke kwararowa. Sai ka je irin su Bahar Maliya, wajen Jidda da Fot Sudan, za ka same shi. Ma'ana, gishirin da dutsen da dabbobin duk shigo da su ake yi, kowane kuskure da kuɗin waje za ka biya shi. Ba kiwon tarwada ba ne, da za ta jure ruwan da ya yi kore shar.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana. Wani mutum ya zo shago ya sayi tanki mai cin lita 60, ya ce a haɗa masa da filta mafi tsada. Aka ba shi kanista, wato irin filtar nan mai kama da bokiti rufaffe da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, ruwa ya sauka cikinta ta tiyo, ya ratsa soso da 'yan duwatsun tangaran, famfo ya maido shi sama. Wata uku komai lafiya. Rannan aka ɗauke wuta da daddare, shi kuma ba ya gari, ba a tada janareta ba. Wajen awa tara ba wuta. Da aka kawo da safe, kanistar ta tashi aiki, ta juye duk abin da ke cikinta a tankin. Ni Oga ya tura in duba. Tun daga bakin ƙofa na ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kifi biyu sun mutu, murjanin sun saki nama kamar majina. Mutumin yana ta faɗa wai an sayar masa da jabu. Wallahi filtar ba jabu ba ce, aikinta ta yi. A rufe take ruf, ga datti na wata uku a ciki, ruwa ya tsaya, ƙwayoyin bakteriyar da ke ciki suka cinye iskar oksijin suka mutu, wasu irinsu da ba sa buƙatar iska suka karɓi fili suna fitar da guba. Tun daga ranar na daina tambayar wace filta ta fi ƙarfi. Abin da nake tambaya shi ne, me za ta yi in wuta ta tafi, me kuma za ta yi in ta dawo?

Abin da muke kira tacewa a tanki aiki uku ne aka haɗa a suna ɗaya. Akwai tare dattin da ido ke gani, irin aikin rariya. Akwai tsotse abin da ya narke a ruwa, wanda gawayin tacewa ke yi. Sai na uku, wanda ya fi su duka, shi kuma ba na'ura ce ke yin sa ba, bakteriya ne.

Kifi na fitar da amoniya ta gaɓoɓin da yake numfashi da su, da kuma kashinsa, ragowar abinci ma in ta ruɓe amoniya take zama. Waɗanda suka yi kemistiri za su tuna cewa amoniya a ruwa kashi biyu take: akwai NH4+ mai sauƙin illa, akwai NH3 mai kisa, kuma ma'aunin pH ne ke raba gardama tsakaninsu. Ruwan tankin teku yana zama wajen 8.1 zuwa 8.3. A nan, kason NH3 ya ninka na ruwan da ke kan 7.0 fiye da sau goma. Shi ya sa ɗigon amoniyar da kifin ruwan daɗi zai shanye, a tankin teku sai ya yi ɓarna. Wani rukunin bakteriya yana mayar da amoniya ta zama naitirait, wani rukunin, irin su Nitrospira, ya mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda illarsa ba ta kai ta farkon ba. Waɗannan ƙwayoyi ba yawo suke a ruwa ba, manne suke a jikin abu, kuma sai da oksijin suke aiki. To tambayar ita ce, a ina za ka ba su masauki?

Amsar da masu wannan sana'a suka daɗe da tsayawa a kanta ita ce dutse, a cikin tankin kansa. A farkon shekarun 1960 wani mutumin Jakarta, Lee Chin Eng, ya nuna cewa ana iya riƙe halittun teku da dutsen da aka ɗebo daga teku da kumfar iska kawai, ba wata filta. Daga baya masu kiwo a Jamus suka ɗora a kai, suka haɗa dutsen da na'urar yaɗe kumfa da haske mai ƙarfi, abin da har yau ake kira tsarin Balin. Dutsen da ake nufi tsohon ƙashin murjani ne, sinadarin alli ne, mara nauyi, duk jikinsa huji kamar soso. Ana ce masa dutse mai rai saboda halittun da suka cika shi. A fatarsa, inda iska ke isa, ana mayar da amoniya naitiret. Can cikin hujin kuma, inda iska ta yi ƙaranci, wasu ƙwayoyin suna mayar da wani ɓangare na naitiret ya zama iskar naitirojin ta fice. Soso da duwatsun tangaran na cikin kanista rabin farko suka fi iyawa, ga kuma datti da suke tarawa yana ruɓewa, shi ya sa 'yan sana'a ke yi wa kanistar da ba a wankewa laƙabi da masana'antar naitiret.

Kar wani ya ce zai ɗebo dutsen gini ko marmara a bayan hostal. Dutsen gini ba shi da huji, marmara kuma cike take da ƙarfe. Tsohon lissafi shi ne kilo 1 na dutse ga kowace lita 8 zuwa 10, wato tankin lita 60 zai ci kilo 6 ko 7. Ni shawarata a sayi busasshe, ko wanda aka ƙera a masana'anta. Ya fi araha, ba ya zuwa da miyagun baƙi irin su ƙaguwa mai cin murjani, sannan murjani masu ƙashi suna cikin jerin halittun da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido, ba a fitar da su daga ƙasa sai da takarda. Busasshen dutse zai rayu da kansa in ka ba shi lokaci.

Dutse ba ya aiki sai ruwa na kaɗawa a jikinsa. Saboda haka na'urar farko da za ka kashe wa kuɗi ita ce ɗan famfon da ake mannawa a jikin gilas daga ciki, mai kaɗa ruwa kamar igiyar teku. Ga murjani masu laushi, ana so ya juya ruwan tankin sau 10 zuwa 20 a awa, wato lita 600 zuwa 1,200 a awa ga tankinmu. A karkata bakinsa sama kaɗan yadda fuskar ruwan za ta riƙa motsi, domin ta nan iska ke shiga. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a digiri 25, ruwan daɗi na riƙe oksijin kusan miligiram 8.3 a lita, ruwan teku kuwa bai kai 7 ba. In zafi ya ƙaru, ya ƙara raguwa. Shi ya sa in wuta ta ɗauke, ba datti ne ke fara kashe kifi ba, shaƙewa ce.

Ga ɗan lissafi don 'yan lantarki. Irin wannan famfo ba ya wuce wat 5. Batir mai bolt 12 da 7Ah, irin na UPS, yana ɗauke da wat-awa 84. Ko da rabinsa kawai ka ja don kar ka kashe batirin, ka samu awa 8. In ka samu famfon da ke aiki da DC kai tsaye, ka huta da asarar inbata. Ƙara da ɗan injin kumfar iska mai caji wanda ke tashi da kansa in wuta ta tafi. Fitila za ta iya kwana biyu a kashe murjani bai mutu ba, amma ruwa ya tsaya cik na dare ɗaya a lokacin bazara, sai dai a yi ta'aziyya.

To ina filtar da ake saya a kwali? Tana da wuri, amma ƙaramin wuri. Ga tankin da bai kai lita 100 ba, zaɓi biyu nake gani da hankali. Na farko, tankin da aka ƙera da ɗaki a bayansa: an raba shi da bango, ruwa na zuba ta tsagar sama ya bi ɗakuna biyu ko uku, famfo ya maido shi gaba. Ba tiyo a waje, ba abin da zai zubo a ƙasa, kuma a buɗe yake, iska na shiga ko an ɗauke wuta. Wanda ya iya yankan gilas ko roba mai kauri zai iya yin wannan bango da kansa da gam ɗin silikon, amma a tabbata ba mai maganin fumfuna ba ne irin na banɗaki. Na biyu, filtar ratayawa, wadda ake maƙalawa a bakin tanki ta baya ruwa na zubowa kamar ƙorama. Tana da araha, wanke ta minti biyu ne. Aibinta ɗaya, wasu ba sa iya jan ruwa da kansu bayan an dawo da wuta, sai injin ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Kafin ka biya kuɗi, ka sa mai shago ya kunna ta, ya zare fulogi, a jira minti biyar, ya mayar. In ba ta tashi da kanta ba, bar masa kayansa.

Ko wacce ka ɗauka, fitar da soson da ta zo da shi. Sa audugar roba, irin ta cikin filo amma sabuwa wadda ba a sa wa turare ko magani ba, ka riƙa jefar da ita duk bayan kwana biyu ko uku. Mutane na mantawa cewa dattin da filta ta kama yana nan cikin ruwan tankin har sai ka cire shi da hannunka. A ƙarƙashin audugar, sa 'yar jaka mai cokali biyu ko uku na gawayin tacewa, a canza duk wata. Ba gawayin mai shayi nake nufi ba, wannan an gasa shi ne ta hanyar da ta buɗe masa ƙananan huji masu tsotse launi da wari. Yana da amfani musamman in kana da murjani masu laushi, domin suna sakin sinadarai a ruwa don yaƙar maƙwabtansu.

Tunda na ambaci wannan, ga gargaɗi. Wasu murjani masu kama da ƙananan furanni, dangin Palythoa da Zoanthus, waɗanda aka fi ba wa sabon shiga saboda juriyarsu, wasunsu na ɗauke da guba mai tsanani. A sa safar hannu, a kare ido, kuma kar a taɓa tafasa dutsen tanki da sunan kashe ƙwari. Tururin kaɗai ya kai mutane asibiti.

Na'urar yaɗe kumfa, wadda a shago muke ce wa sikima, abu ce mai ban sha'awa. Tana cusa ƙananan kumfa cikin ruwa, dattin da ya narke ya manne a jikin kumfar, ta taso ta zube a wani kofi, ruwa-ruwa baƙi mai wari. A ruwan gishiri take aiki sosai don kumfarsa ƙanana ce kuma tana daɗewa. A babban tanki ba na jayayya da ita. A lita 60 mai kifi biyu kuwa, gaskiya ban ga dalili ba. Ƙananan sikima suna da fitina, in ruwa ya ɗan hau ko ya sauka sai su yi ambaliya ko su daina aiki, kuma hawa da saukar ruwa shi ne abin da ɗauke wuta ke jawowa kullum. Haka tankin ƙasa, wato tanki na biyu da ake ɓoyewa a cikin kabad. Yana ƙara yawan ruwa, wannan alheri ne, amma duk sanda famfo ya tsaya ruwan sama zai gangaro. In ba ka bar masa sarari ba, ba ka kuma huda ɗan rami a bututun dawowa dab da fuskar ruwa don ya katse zuƙowa ba, za ka dawo daga lakca ka tarar da katifarka na iyo a ruwan gishiri.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu 'yan Arewa musamman. Duk injin da ke nitse a ruwa, wutar da yake ci zafi take zama a cikin ruwan. Murjani na son digiri 24 zuwa 27. In ya daɗe sama da 30 sai ya kori gansakukar jikinsa, ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi. Ka tuna ɗakin hostal a watan Afrilu. Ƙaramar fanka da ke hura fuskar ruwa na iya rage digiri biyu ko uku, amma in ba ka da ɗakin da zai riƙe tankin ƙasa da 29 a bazara, ka haƙura da murjani tukuna. Na gaya wa abokina wannan, bai ji daɗi ba, amma gara ya ji daga bakina. Rai ne, akwai haƙƙi.

Abin da ke maye gurbin duk waɗannan na'urori a ƙaramin tanki shi ne bokiti. Canjin ruwa. Lita 6 zuwa 12 a mako, an gama. Duba lissafin: a ce tankinka na tara naitiret 2 ppm kowane mako. In kana canza kashi 10 cikin 100, zai yi ta hawa har ya tsaya wajen 20. In kashi 20 kake canzawa, a 10 zai tsaya. In kuma ka rage abincin da kake zubawa zuwa rabi, duka lambobin sun rabe biyu ba ka kashe ko kwabo ba. Yawancin masu kiwo suna neman naitiret ya zauna ƙasa da 10, fosfet kuma ƙasa da 0.1. Amma ba a son su koma sifili, don murjanin ma yana ɗan ci daga ciki. Na ga tankin da aka cika wa magungunan tsotse fosfet har murjanin suka koɗe, mai shi yana alfahari da tsafta.

Sai dai ruwan da za ka canza da shi, nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Ruwan famfo na iya zuwa da kulorin. Na rijiya da burtsatse a cikin gari sau da yawa yana ɗauke da naitiret ɗinsa tun daga ƙasa, ka ga kana zuba abin da kake ƙoƙarin cirewa ke nan. Tagulla kuma, ko ɗan kaɗan ne daga bututu ko kan famfo, tana kashe murjani da jatan lande. Abin da ake so shi ne ruwan da ya bi ta matatar RO, in da hali har da ta DI, yadda ɗan mitan TDS zai nuna sifili ko dab da shi. Kar ka yarda da rubutun jikin leda ko gora, auna da kanka, mitan ba shi da tsada. In za ka kashe kuɗi mai kauri a kan wata filta, to a nan ya dace, a kan ruwan da bai shiga tanki ba tukuna. Gishirin ma na musamman ne, mai kalsiyam da magniziyam da sauransu, gishirin miya ba zai yi ba. Ana zuba giram 35 zuwa 40 a lita, a auna har nauyin ruwan ya kai 1.025 ko 1.026. Sannan kullum ruwa na ƙafewa, balle da hunturu ko in fanka na hurawa. Ruwa ne ke tashi, gishiri na nan. Saboda haka cikon kullum da ruwan RO zalla ake yi. Sa alama da maka a jikin gilas, ka riƙa cikawa zuwa layin safe da yamma. A lita 60, ƙafewar lita 3 kaɗai ta ɗaga gishirin da kusan kashi 5 cikin 100.

Ga abin da na rubuta wa abokin nawa a bayan takardar lakca: tanki mai ɗaki a baya, lita 60 ko sama, don ƙasa da haka ruwan na saurin juyewa. Busasshen dutse kilo 6, da yashin teku siriri wanda bai wuce kaurin yatsa ba. Famfon kaɗa ruwa a kan batir. Auduga da gawayi. Kayan gwajin amoniya da naitirait da naitiret, da ma'aunin gishiri, da ma'aunin zafi. Kifi biyu ƙanana, ba ƙari. Kuɗin da ya ware wa kanista na ce ya raba biyu, rabi batir, rabi gishiri.

Da ya tambaye ni yaushe zai sa kifin, na ce ba ranar da ya zuba ruwa ba. Zai haɗa dutse da ruwa da famfo, ya ɗiga amoniyam kulorayid mai tsafta, wanda ba ya wuya a ɗakin gwajinsu, har gwaji ya nuna 2 ppm, sai ya jira. Zai ga amoniya ta sauka, naitirait ya hau ya sauka, naitiret ya bayyana. Yawanci mako huɗu zuwa shida ake ɗauka. Ranar da ya ɗiga 2 ppm, ya dawo bayan awa 24 ya tarar amoniya da naitirait duka sifili, dutsen ya zama filta. Na kuma ce a cikin makonnin nan na jira, tun tankin ba kowa a ciki, ya zare fulogin komai da gangan da daddare, ya kwanta, da safe ya duba ko batirin ya kai gari ya waye, ya rubuta zafin ruwan da tsayinsa a littafi. Ya ce wannan ma ai ya isa babi guda a furojet. Jiya na gan shi a gaban shagon masu gyaran UPS yana cinikin batir.